Murhun Mai-Takwas

A Hultabo, coci da asibiti ne kawai ke kiran Sixten Almgren da cikakken sunansa. Sauran jama'a Mai-Takwas suke ce masa, tun ranar da zarton injin katako ya ɗauke masa yatsu biyu na hannun hagu, ya naɗe wurin da hularsa, ya tambayi shugaban aiki ko ya ƙarasa gungumen da ya fara. Shekara talatin da takwas ya yi a bakin zarton nan. Kafin nan ya yi jan gungume da doki a dawa tun yana ɗan sha huɗu. A jan gidan katakon da ke ƙarshen hanya aka haife shi, nan ya kawo amaryarsa Majvor, nan kuma aka fitar da gawarta shekara shida da suka wuce.

Bai taɓa kawo wa ransa akwai abin da zai raba shi da gidan ba, sai hunturun bara. Guguwa ta kwantar da itatuwa a kan wayoyi, lantarki ya ɗauke kwana shida, gidan kuwa daga girki har ɗumi duk na lantarki ne. Maƙwabcinsa Holger, abokin tsokanarsa tun suna aji ɗaya, shi ya keta dusar ƙanƙara da tarakta ya tarar da shi a gado da kwat biyu da takalmi a ƙafa, yana hira da bango. Sati uku ya yi a asibiti da ciwon huhu.

'Yarsa tilo Pernilla, wadda ke aiki a kantin magani a Ljungby, ta samo masa ɗaki biyu a gidan tsofaffi na gari, hawa na uku, aka ce za a riƙe masa har ɗaya ga Nuwamba. Ya ce shi ba tantabara ba ne da za a kai shi sama a rataye. Ta ce tantabara ba ta kai shekara tamanin. Suka yi ta ja-in-ja tun daga asibiti har gida, sai da ta gaji ta ajiye makullin mota a kan tebur.

"To ga magana ɗaya, Baba. In mai sharar bututun hayaƙi ya sa hannu a takarda cewa za a iya hura wutar itace a gidan nan kafin Oktoba ta ƙare, ka yi zamanka, ba zan ƙara ta da zancen ba. In bai sa ba, ka biyo ni."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi. Kai fa?"

Ya ce shi ma ya yi.

Tsohon murhun itacen gidan yana ɗakin shanu, inda rabon da a ga saniya tun Pernilla na rarrafe. Murhun ƙarfe ne irin na da, mai ƙafa huɗu da wurin gashin burodi a gefe, wanda kakansa ya jawo a kan dusar ƙanƙara da doki biyu. Sixten da hannunsa ya fitar da shi daga kicin. A shekarar 1974 ne, Majvor na asibiti wajen haihuwa, ya sayo farin murhun lantarki don ta dawo ta tarar da abin mamaki. Shi da Holger suka ciccibi tsohon suka jefa shi bayan buhunan taki. Majvor ta shigo da jaririya a hannu, ta tsaya ta dubi farin abin nan, ta dubi tabon ƙafafu huɗu da ke daɓe, ta ce ta gode. Iyakar abin da ta ce a kan murhun ke nan har ta koma ga Mahaliccinta. Amma ya sha ganinta da sassafe ta jingina bayanta da murhun lantarkin, ta ɗan jima, sannan ta tuna ba ya ɗumi, ta matsa.

Da ya yaye tamfol ɗin da ke lulluɓe da tsohon murhun a farkon Mayu, abin da ya gani bai yi kama da murhu ba. Tsatsa ta cinye shi ja wur, tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace. Ɓeraye sun haifi 'ya'ya da jikoki a wurin gashin burodi. Holger ya leƙo, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya tambaya yaushe ne jana'iza, don ya san ko zai goge takalmi.

"Taka za a riga yi, tsohon banza. Miƙo mini kananzir."

"Da yatsu goma ka kasa riƙe shi a gida, da takwas za ka mayar da shi?"

Kwana tara yana ɗiga kananzir a kan notuna safe da yamma kafin na farko ya yarda ya juya. Huɗu suka karye, sai da ya huda su ya zaro guntayen. Ya warware murhun gaɓa-gaɓa, ya jera farantan ƙarfen a ƙasa a kan tsofaffin jaridu, kowane da lambarsa da alli, don ya san kansa yanzu ba ya riƙe abu. Daga nan sai burushin waya. Wata biyu cur ana jin ƙarar gogar nan daga bakin hanya, shaa, shaa, ta tsaya, a ji tari, ta ci gaba. In ya fyace hanci ja yake fitowa. Hannun hagun ba ya iya damƙe ƙarfe, don haka yakan danne farantin da gwiwa, gwiwar ta yi tsami, ya koma ɗayar.

A ƙarƙashin tsatsar sai zanen ganye ya fara bayyana a ƙofar wuta, wanda ya manta da shi sam. Mariƙin ƙofar gashi kuwa ya same shi a siɗe ta gefe biyu. Gefen dama hannun mahaifiyarsa ne. Gefen hagu na Majvor ne, don ita bahaguwa ce. Shekara bakwai kacal ta yi girki a kansa, amma ƙarfen ya riƙe ta. Ranar bai ƙara yin aiki ba, ya zauna a kan bokiti har rana ta juya.

Zobban ƙarfen saman, waɗanda ake cirewa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon gindin tukunya, babu na uku. Ya birkice ɗakin shanu kaf. Bayan sati Holger ya zo da shi yana ɗigar ruwa, ya ce ya daɗe yana danne masa murfin rijiya, kuma ba sata ba ce, aro ne da ya yi tsawon rai. Kafin ya tafi ya tambaya ko an kira Conny, mai sharar bututu, ya duba bututun hayaƙin gidan. Sixten ya ce sai an gama murhu. A Yuli ya sake tambaya, aka ba shi amsa iri ɗaya. A Agusta ya ce ai ba a ɗinka wa yaro riga kafin a ga ko an haife shi, Sixten ya ce ya je ya koya wa kajinsa hikima.

Pernilla takan zo ran Lahadi da miyar wake da burodi mai kirfa. Wata Lahadin ta tarar da shi yana liƙe gaɓoɓin murhun da baƙin kwaɓi mai jure wuta, yana jera sabon jan bulo a cikin ramin wuta. Bai ɗago ba ya tambaye ta ko mahaifiyarta ta taɓa yi mata zancen murhun nan.

"Ba ta taɓa ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da aikinsa. Bai san ko sauƙi ya ji ko nauyi ba.

A ƙarshen Satumba ya shafe shi da baƙin man murhu, ya bi da burushi mai laushi har ƙarfen ya ɗauki ƙyallin kwalli. Holger ya zagaya shi sau biyu bai sami abin kushewa ba, sai ya ce ƙafar baya ta fi sauran gajarta. Ƙarya yake yi, su biyun sun sani.

Sai tsakiyar Oktoba Sixten ya ɗaga waya. Conny ɗan wani abokin aikinsa ne na injin katako, yanzu shi ma furfura ta fara masa. Ya fara shiga ɗakin shanu, ya durƙusa, ya buɗe ƙofofi ya rufe, ya ce shekara ashirin da biyar yana wannan aiki bai ga gyara mai tsabta haka ba. Sannan ya kafa tsani ya hau rufi. Daga ƙasa Sixten yana jin guduma, kuma ya san abin da ake fasawa. A shekarar da ya fitar da murhun daga kicin, hankaki sun dame su da sheƙa a cikin bututun, iska kuma na hurowa cikin kicin, sai ya hau ya toshe kan bututun da kwano da siminti. Ya yi aikin da kyau, kamar yadda yake yin komai.

Conny ya sauko. Ya kunna abin gwajin hayaƙi a gindin bututun, ya rufe samansa, ya ce su hau ɗakin ƙarƙashin rufi. Suna isa suka tarar da hayaƙi na fitowa ta tsakanin kowane bulo, siriri-siriri, kamar ruwa a kwando. Conny ya sa yatsa a tsakanin bulo biyu, simintin ya zubo kamar yashi. Kewaye da gindin bututun kuwa dusar katako ce har gwiwa, busasshiya, wadda Sixten ya yi shekaru yana kwasowa daga wurin aiki don tare sanyi.

"Kawu, bututu ba ya son hutu," in ji Conny. "An toshe masa kai, an hana shi ɗumi. Danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, sanyi ya daskarar da shi, ya narke, ya sake daskarewa, kusan shekara hamsin. Tartsatsi ɗaya ya ishi gidan nan." Ya goge yatsansa a wando. "Me ya hana ka kira ni tun Mayu? Da magini ya rushe ya sake kafin sanyi. Yanzu siminti ba zai kama ba, maginan yankin nan biyu ne, kuma duk an riga ka har baɗi."

Sixten ya bi hayaƙin da kallo. Kowace safiya tun Mayu yakan dubi wayar, ya ɗauki burushi ya fita. Muddin bai kira ba, yana da gida.

Takardar da Conny ya rubuta ta hana hura wuta ce. Ya ƙi shan gahawa, abin da bai taɓa yi a gidan ba. Da motarsa ta ɓace, Holger ya matso ya rage murya, duk da babu kowa sai itatuwa. Ya ce su shigar da murhun kawai, a riƙa hura 'yar ƙaramar wuta, shi idonsa ba ya gani sosai, Conny kuma sai baɗi zai dawo. Ko kuwa a ce wa yarinyar takarda na hanya, har ɗakin garin ya kuɓuce.

"In ka tafi da wa zan yi faɗa, Mai-Takwas?"

"Ka yi da kajin. Sun fi ni haƙuri."

Da la'asar Sixten ya kira Pernilla. Ya ce mata murhu ya ci jarrabawa, gida ya faɗi. Ta fara cewa wataƙila in bazara ta yi a nemi magini, ya katse ta, ya tambaya ko a hawa na ukun ana barin mutum ya buɗe taga. Ya ga mutanen Hultabo da yawa da suka tafi gari don hunturu ɗaya, ba su dawo ba.

Ran ƙarshe ga Oktoba aka loda gado da kujera da agogon bango a tirelar motar Pernilla. Kafin azahar an gama, kayan ba su da yawa. Sixten ya ce saura abu ɗaya. Holger ya kawo tarakta ya ɗago murhun zuwa ƙofar ɗakin shanu, suka dasa masa guntun bututun kwano mai tsawon mutum. Sixten ya durƙusa ya jera ɓawon itace da ƙirare kaɗan, ya ce wutar farko ƙarama ake yi, don kwaɓin ya bushe a hankali. Ashana ɗaya ta isa.

Suka tsaya su uku suna saurare. Iska ta fara ja ta cikin ramin da wani ɗan gurnani, sannan ƙarfen ya soma ƙas, ƙas, ƙas, yana miƙe gaɓoɓinsa. Sixten ya zagaya yana shinshina kowace mahaɗa. Ko silin hayaƙi bai fita ta inda bai kamata ba. Ya cire zobba biyu ya ɗora butar gahawa. Pernilla ta miƙa hannuwa a kan ɗumin, ta ce ba ta san haka yake ba, ɗumin har cikin ƙashi. Holger ya sha, ya ce gahawar ta yi tsarara, ya ƙara kofi biyu, ya ce kaji na jiransa. Bai yi sallama ba. Ana jin taraktar har ta sha kwana.

Wajen ƙarfe uku rana ta fara faɗuwa bayan itatuwa. Pernilla ta dubi agogo, ta ce mai ba da makullin ɗakin gari biyar yake tashi, ko ta kawo bokitin ruwa a kashe garwashin.

"Ba a zuba wa ƙarfe mai zafi ruwa, 'yar nan, tsagewa yake yi. Kuma ba a tafiya a bar murhu da rai. Sai ya huce don kansa."

"Zai daɗe?"

"Wannan? Yana da riƙo."

Ta shiga mota ta yi waya, ta dawo da bargo ta yafa masa, ta jawo gungume ta zauna kusa da shi. Ƙas ɗin ƙarfen ya riƙa yin nisa da juna. Can ya buɗe ƙofar wuta ya tona tokar da tsinke, babu ja ko ɗaya. Ya ɗora tafinsa a saman murhun, ya bar shi nan ya jima.

"Ya huce," ya ce. "Tayar da motar."