Daminar da na hana turare a gidana

Shekarun baya, lokacin da Khartum ta rikice, 'yata ta dawo mana Gadarif da wani ɗan akwati ɗaure a ƙugu. Na zaci zinari ne. Ashe a ciki wani ɗan abu ne ƙarami kamar farce, aikin karatunta na shekaru: madubai biyu manne da juna, wai ana tsare haske a tsakaninsu.

Ban taɓa zama a aji ba, amma na ce ta yi mini bayani. Ta ce idan aka sanyaya abin sosai aka haska shi, haske da ƙwayoyin ciki sai su haɗa motsi ɗaya, kamar mata masu lugude, ba taɓaryar da ke bugun wata. Da irinsa ake son ƙera na'urorin gaba. Sai dai murfin akwatin ya tsage a hanya. In hayaƙi ya shiga, halas, ya lalace, kuma ɗakin da aka ƙera abin ba mai iya komawa cikinsa.

Mu kuwa matafiyi ba ya kwana sai an turara masa ɗaki da bahur. Na sa akwatin a ɗakina, na ce ba sauran turare a gidan nan sai yarinyar ta tafi. Girki ya koma bayan katanga, dafa jabana, gahawarmu, ma haka.

Yayar mijina ta zo barka da sauka tun daga Fau, har ta zuba turaren sandal mai tsada a garwashi. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Matsa, amarya, in turara 'yata."

"Yaya, turara ta a waje."

"A waje? Akuya ce?"

Ban matsa ba. Ta kife kaskon, ta juya ko ruwa ba ta sha ba. Unguwa ta ɗauka aljani muka ajiye. Na bar su da zatonsu, don ni ma rabin bayanin na riƙe.

Bayan girbin dawa hanya ta samu, yarinya ta fita ƙasar waje da abin, wurin malamarta. Da ta kira, ta ce abin ya yi aiki. Na tambayi tsawon lokacin da hasken ya haɗa kai. Ta ce ko kusa bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a wurinsu nasara ce. Na ce to, madalla.

Yayar mijina ta daɗe ba ta tako gidana ba. Yanzu tana zuwa, amma sai ta tsaya a ƙofa ta tambaya ko an yarda ta shigo. Ba na dariya, ba na kuma ba ta haƙuri. Har yau ban fahimci hasken nan ba. Na dai ga yarinyar da ta baro takalmanta a Khartum amma ba ta baro shi ba, wannan ya ishe ni.