Taken Sarkin Noma

Da gangar noma na fara, a hannun ƙanen mahaifina, wanda nake ce wa Baba. Daga nan na koyi kiɗin ƙwarya wurin Zabarmawan Baleyara. Bayan haka na zauna Bankuku, inda matan Buzaye suka bar ni na taɓa tande, gangar da suke ɗaurawa a bakin turmi. A ƙarshe na je Yamai na koyi jembe, gangar da ake bugawa da tafin hannu. Da na komo Filinge sai na zama na kowa: yau biki, gobe taron siyasa, ran Laraba kuma koyarwa a gidan samari. Ƙa'idata ɗaya ce ga duk mai koyo a hannuna: kowane bugu yana da mazauninsa, ba ya riga, ba ya makara.

Wata damina hannun Baba ya soma rawa saboda tsufa, kiɗan ya faɗo kaina. Ga shi an sa gayya a gonar Sarkin Noman ƙauyenmu, kuma tun kakanni gidanmu ke kaɗa takensa. Al'adar ita ce, in ya ji taken zai miƙe ya ɗauki hauya ya buɗe kuyyar farko, sannan samari su bi. In bai miƙe ba, babu mai saran ƙasa. Makaɗin da bai tashe shi ba kuwa, baɗi wani gida za a kira.

Na san taken tun ina ƙarami. Wuri ɗaya kawai yake damuna: kusa da ƙarshe Baba yakan makara da bugu guda, kamar mai ɗingishi. Na daɗe ina danganta abin da yatsansa da ya taɓa karyewa. Don haka na maido bugun mazauninsa.

Ranar gayya da hantsi na rataya ganga na kaɗa. Sarkin Noma yana zaune gindin gawo, yana sakace. Na sake. Ya dubi wanda ke kusa da shi.

"Wanga taken wa na? Baƙo munka yi?"

Samari suka tuntsire. Wani ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko, ya ce, "Mushe, ko ka baro shi Yamai?"

Na je na durƙusa. "Ranka shi daɗe, takenka ne."

"Ɗana, nawa yana da wurin da nika aje ƙahwa in tashi. Naka ba ya da shi. Tsalle kaka so in yi, da gwiwun ga?"

Na koma wurin Baba, yana bakin gona bisa tabarma, na tambaye shi dalilin makarar.

"Yatsa na," in ji shi. "Kakanka yadda kak kaɗa yanzu haka yaka kaɗawa. Yau na ji shi daidai, har ƙwalla ta zo min."

"To in tsaya a kai?"

"In kai ɗan gidanmu na."

Na tsaya tsakanin tabarma da gawo da gular kiɗa a hannu. Mai take ya ce ba nasa ba ne. Mai ganga ya ce shi ne na asali. Rana tana ɗagawa, samari sun dogara da hauyoyinsu, har na ji wani yana ambaton makaɗan ƙauyen gaba.

Na fara daga farko. Da na iso wurin, na riƙe gula a sama na ɗan numfashi guda, abin da nake tsawata wa masu koyo a kansa, sannan na sake ta. Tsoho ya dafa ƙasa, ya kafa ƙafar dama daidai cikin wannan gurbi, ya miƙe. Mata suka yi guɗa, hauyoyi suka faɗa ƙasa tare.

Na waiga. Baba yana girgiza kai yana naɗe tabarmarsa.

"Ka ɓata shi," ya ce da na zo kusa. "Ni da dalili na ɓata. Kai yatsunka lahiya lau."

Gayyar ta zauna a gidanmu, har yau ni ake kira. Amma da Laraba ta zagayo, wata malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke koyo a wurina ta nemi in nuna musu taken. Na kaɗa na asali, na kaɗa mai makarar. Ta ce wanne za su riƙe. Ni da ban taɓa barin tambaya ta kwana ba, sai na ce a ɗauko jembe tukuna.