Benayen da Ke Bangon Shagona

Shekarun baya, zamanin da nake ɗinki a wani ɗan shago a bakin kasuwar Kiru, ina da aboki da muka taso tare tun muna yawo ba wando. Noman rani yake yi wajen Tiga. Wata shekara kasuwar tumatir ta faɗi warwas, sai ya bi motar kaya ya yi Kudu, ya bar mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, da ƙannensa mata.

Ba a jima ba kati ya fara zuwa, irin mai hoto a gaba, rubutu a baya, ba ambulan. Ta akwatin gidan waya na makarantar firamare yake biyowa, don haka kafin ya iso hannuna rabin gari sun karanta. Ba wani abin karantawa ma: "Ina lafiya. A gaida Inna." Shi ke nan. Amma hotunan! Yau bene mai hawa ba iyaka a Legas, gobe wani katafaren masauki da fitilu a Fatakwal, jibi gida a bakin teku. Ni kuwa sai na riƙa kafa su a bangon shago, ina hura hanci kamar ni na gina su.

To mu a lokacin, hoto abu ne da mutum ke zuwa wajen mai hoto a ɗauke shi, ko shi da sabon kekensa. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ana buga hoton ginin wasu a sayar. Tunda ya aiko, to nan yake kwana. Masu kawo ɗinki suka fara tsayawa suna ƙirga tagogi. Da farko ma sha Allah ake cewa. Daga baya aka koma tambayar wace irin sana'a ce ke kai manomin tumatir saman bene cikin 'yan watanni. Wani ya ce ƙwaya. Wani dattijo ya rage murya ya ce a can Kudu akwai masu ba da jini a ba su dukiya.

Ina musu a baki, amma a zuci abin ya fara cina. Me ya sa ba ya faɗin aikin da yake yi? Me ya sa kullum sabon gari? Na tare wani direba mai kai albasa Legas na tambaye shi. Ya ce, "Na hango shi a kasuwa, wallahi shi ne. Muna haɗa ido ya juya ya shige cikin mutane." Ranar ko zaren allura kasa sawa na yi. Mai gaskiya me zai sa ya guje wa ɗan garinsu?

Maganar ta kai kunnen Inna. Ana haka ya aiko mata turmin atamfa mai kyau ta hannun wani ɗan kasuwa. Ta zo shago da kanta, ta daɗe tana kallon bangon. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Tela, tsakaninka da Allah, me abokinka yake yi a can?"

"Inna, ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba. Abin da ban san asalinsa ba kuwa ba zai hau jikin da nake sallah da shi ba. In hanyar banza ya bi, ba ni ba shi."

Ta sa atamfar a ƙasan adaka. Sallah ta zo ta wuce, tana cikin tsohon zaninta, ta rame kamar mai jinya. Na ji tsoro ƙwarai, don na san Inna ba ta magana biyu.

Gab da wata babbar Sallah sai ga shi ya sauko daga bas, baƙi wuluk, da jakar leda guda da silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Ni har a lokacin ban yarda ba, cewa na yi ɓad da kama ne. Na raka shi gida. Ya durƙusa ya gaida Inna, ba ta amsa ba. Cewa ta yi, "Miƙo hannunka." Ta shafa tafinsa, duk kanta da tsaga. Ta zame wuyan rigarsa, ga kafaɗa ta yi baƙi ta yi tauri. Ashe dako yake yi, yana bin motoci gari gari yana sauke buhuna, yana kwana a ƙarƙashinsu. Kunya ce ta sa ya ɓuya wa direban nan. Inna ta juya mana baya, ta ce wa ƙanwarsa, "Ɗebo wa yayanki ruwa." Washegari da sassafe ta aiko min da atamfar, wai a ɗinka kafin Idi.

Da ya zo shago ya ga bangon, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a ƙofar gidan waya ake sayar da katunan, ko ƙofar ɗaya daga cikin benayen bai taɓa takawa ba. Na ba shi labarin abin da gari ya faɗa, da halin da Inna ta shiga. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ni fa masu kyan nake zaɓa, don hankalinta ya kwanta."

Yanzu mun tsufa, yakan ba da labarin a majalisa a yi ta dariya, ni ma ina taya su. Na dai koyi jan bakina kan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Amma wannan maganar tasa har yau ba ta fita daga raina ba. Yana can buhu na cin kafaɗarsa, yana tsayawa ya zaɓo wa uwarsa hoto mafi kyau, mu kuma muna nan muna shawarar ko ɗan halak ne.