Man Dogon Yaro a Injin Niƙanmu

Shekarar da man gas ya yi tsada har injin niƙan maigidana ya fi zama a kashe, ita ce shekarar da ƙanwata ta zo mana daga jami'a a Sakkwato, da jaka cike da ledoji. A wani ƙauye muke kusa da Goronyo. Ba mu da fadama kamar sauran mutane, ba mu noman albasa. Wannan injin shi ne cinmu, shi ne suturarmu.

Ta ce bincike take yi. Ta riga ta bi ta Wurno ta samo 'ya'yan zurma, a Rabah ta tsinko binidazugu a shingen wani lambu, yanzu 'ya'yan dogon yaro take nema. Na dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da aka tura karatu, ga ta durƙushe gindin bishiya tana tsintar abin da muke sharewa kullum.

"Mi za ki yi da su?" na tambaye ta.

"Mai za mu tatsa, Yaya. Wanga man ba a cin shi, to mu gani ko inji ya ci."

Da yamma ta zauna tana mini bayani, ina tankaɗe. Ta ce kowane mai da halinsa: na zurma ya cika kauri, na binidazugu ya fi sauƙin kai, na dogon yaro kuma akwai tsami a cikinsa, wanda harshe ba ya ji. Ta ce a cikin mai abubuwa a ɗaure suke uku-uku, kamar tumaki a turke ɗaya, sai an kwance su kafin inji ya iya ƙona su. Ana kwancewar da sodar sabulu da wani ruwa mai kama da sifirit. Na ce to. Wallahi tun daga tumakin nan na ɓace. Tsamin da ba a ji, ina tsaminsa? Ashe maigida na bakin ƙofa yana saurare, kuma abu biyu kawai ya riƙe: dogon yaro da soda.

Tana komawa makaranta ya shigo mini da buhu.

"Ke da kin iya man gyaɗa, mi za shi gagare ki?"

Na so in ce a jira ta. Amma na ga yadda yake zama gaban injin nan shiru, yana goge shi da tsumma ba dalili, sai tausayinsa ya kama ni. Muka tara 'ya'yan, muka shanya, muka ɓare. Na soya su a kasko kamar gyaɗa, wari ya cika gida har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ba shi da lafiya. Da aka zo niƙa, ina za a kai? Inji na gida. Da ɗan sauran gas ɗin da ya rage maigida ya tada shi, ya zuba su a inda ake zuba geron mutane. Babu wanda ya yi tunanin komai a cikinmu.

Na juye a turmi, ina tuƙawa ina yayyafa ruwan zafi, yadda uwata ta koya mini. Mai ya taso, baƙi-baƙi, mai kauri. Maigida har da dariya. Sifirit ɗin da ta faɗa bai samu ba, ya ce soda ma ta isa. Ya jiƙa ta, ya zuba, ya sa ni juyawa.

Abin ya fara kama jikinsa. Ina juyawa yana ƙara tauri, har muciya ta tsaya. Da gari ya waye na tsakuro kaɗan na murza da ruwa, sai ga kumfa.

"Malam, sabulu munka yi."

Ya taɓa, ya shinshina, ya sake taɓawa. Na kira ƙanwata a waya. Ta yi salati, ta yi dariya, sannan ta koma bayani: wai ruwan da na yayyafa da tsamin nan su suka haɗu da soda, wai sai an fara auna tsamin an kashe shi, wai ba a yin abin ba tare da wancan ruwan mai kama da sifirit ba. Na ce mata soda ɗaya, mai ɗaya, yaya a hannunta zai zama gas, a hannuna sabulu? Ta sake maimaitawa a hankali. Har yau ban gane ba, kuma haushinta nake ji kaɗan idan na tuna.

Sabulun bai dame ni ba, mun yi wanki da shi. Abin da ya biyo baya ne ya karya mu. Maigida ya samo gas, ya tada inji, mata suka aiko da hatsi. Kafin la'asar wata tsohuwa ta yi sallama da kwanon tuwo.

"Ɗiyata, ɗanɗana ki hwaɗa min mi an nan."

Ɗaci ne kamar na maganin zazzaɓi. Duk gidan da aka yi niƙa a wurinmu ran nan haka suka kwana. Maigida ya kwance injin, ya wanke da toka, ya wanke da ruwan zafi, ya niƙa dusa ya zubar. Ɗacin ya ragu amma bai fita ba. Wasu suka ce magani muka sa, wasu suka ce ba da gangan ba ne, amma su ma suka riƙa aika hatsinsu Goronyo. Yana tada injin da safe don a ji ƙararsa, mai na ƙonewa, ba kowa.

Mu muka ci gaba da niƙa namu a ciki. Yara suna gutsura suna ajiyewa, ƙaramar har ta fara ramewa. Wata safiya na auna gero zan miƙa masa kamar kullum. Ya karɓa, ya tsaya yana kallon injin, sannan ya juye geron a buhu ya ɗaure a bayan babur.

"In an tambaya," ya ce, bai dube ni ba, "ki ce na tahi kasuwa."