Titin da bai ba mu caji ba

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Fereej Abdel Aziz a nan Qatar, mu uku, a motar lantarkin da kafil ɗina, wato ubangidana a wurin aiki, ya ara mini. A gaba ga dattijon ɗakinmu, mai gadi, wanda jirginsa na komawa gida gaba ɗaya zai tashi bayan la'asar. A baya ga wani malami ɗan Zariya da ke bincike a jami'a. Burin dattijon ɗaya ne: ya je Ruwais, can arewa, ya yi sallama da wani masunci ɗan Sudan da ya ciyar da shi farkon zuwansa ƙasar nan.

Laifin nawa ne, ba zan ɓoye ba. Malam ya taɓa ba mu labarin titin da ake binne waya a ƙarƙashin kwalta, mota tana gudu tana shan caji. Ni kuwa na ce a raina, in dai akwai irin wannan a duniya, ai Qatar ba za ta rasa ba. Sai ban cika batir ba.

Hanyar arewa sumul take, ba rami ko ɗaya, hagu da dama fili ne fetal sai raƙuma nesa-nesa. Na riƙe layin tsakiya, inda kwaltar ta fi baƙi, ina jiran caji ya hau. Sauka kawai yake yi.

A Ruwais mun iske masuncin yana ɗinkin raga. Shi da dattijon suka rungume juna. Ya soya mana kifi, muka ci da gurasa, ya hana mu taɓa aljihu.

A hanyar dawowa mota ta fara ƙarar gargaɗi, batir ya kusa ƙarewa. Na ce, "Malam, wai ina titin naka yake farawa?" Ya dube ni, ya dafe kai. "Yaya, ai gwaji ake yi, a wasu ƙasashe! Shi nake karantawa!" Tikitin jirgin dattijon nan da kyar aka same shi, jikokinsa kuma suna jira a Kano.

Na kashe na'urar sanyi, na rage gudu, manyan motoci suna wuce mu da ham. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar dattijon. Ruwa kawai yake ta miƙo mini a murfin gora.

Da kyar muka lallaɓa Al Khor, muka samu wurin caji. Kusan awa guda muka zauna a inuwa, da shayin madara da ake kira karak, na riyal ɗaya ɗaya. Shekara tara muna ɗaki ɗaya da dattijon, in na shigo yana fita aiki. Ranar na fara jin sunayen 'ya'yansa. Ya ce, "Ƙanena, da titin ya yi maka yadda kake so, da yaushe za mu zauna?"

Mun isa filin jirgi ana gab da rufe awon kaya. Dattijon ya ce khalas, wato shi ke nan, ya riƙe hannuna, ya shige.

Na dawo ɗaki na tarar da gadonsa ba zanin gado. Abin da na koya: a cika batir tun daga gida, kuma a saurari malami har ya kai ƙarshen zancensa. Allah ya ba Malam sa'ar titinsa. Ni dai awar nan ta Al Khor ba na nadamarta.