Sarawar da Ta Ci Ni a Ɗa'ifa

Hindawiyya

Duk Makka babu wanda ya fi ni iya tsara magana gaban hukuma. Shi ya sa da takarda ta zo cewa an rage mini matsayin naƙasa, wai bayana da ya karye a aikin soja ya samu sauƙi, na ce wa matata Hajiya ta kwantar da hankalinta. In ban dawo da matsayina da kuɗinsa ba, tura keken alhazai a Harami ke jirana, ni da ƙafar hagu ke barci tun kafin in kwanta.

Ƙarfe biyar da rabi, bayan Asuba, Sale ƙanin Hajiya ya ɗauke ni a tasinsa zuwa Ɗa'ifa wurin likitocin soja, fayil ɗin hotunan ƙashi a cinyata.

"Yaya, ka tuna fa, yau ranar raki ce."

"Ya shaikh, tuƙa! Har likitan sai ya yi kuka."

Hanyar Hada

Kilomita kusan casa'in ne, ga hawan dutse. Na sha maganin jijiya, sai dutsen ya fara lilo. Gajimare ya sauko yana leƙen taga, birai na zaune gefen titi kamar dattawan unguwa. Na ga kaina da kaki, ɗan shekara ashirin, ina tsallake duwatsu uku-uku. A shingen 'yan sanda Sale ya taɓa ni, na miƙa kati ido rufe. Mun ci waken ful da burodin tamis mai zafi, iska na ƙanshin wardi.

Ɗa'ifa

Ƙarfe tara aka kira ni gaban lajna, kwamitin likitoci uku. Na shiga ina dogara sanda, ina jan ƙafa, ina nishi mai ban tausayi. Sai ga babbansu ya shigo, taurari reras a kafaɗa. Wallahi ban san lokacin da na zabura ba: sanda ta faɗi, ƙirji ya fito, na buga ƙafa, na sara masa!

"Yaya jikin?" in ji shi.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi, ranka ya daɗe!"

Ɗan mutunci ai ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi. Ya yi murmushi, ya rubuta.

Gida

A kwance na sauko daga dutsen, a kujerar baya, jijiyar na karɓar fansa. La'asar muka iso lafiya, mun gode Allah, na gode wa Sale, ko da yake tun a ƙofa ya kwashe komai ya faɗa wa yayarsa.

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"Barka da warkewa, Abu Hamza. Ga tukunyar gas can ƙasan bene, hau da ita."