Ajiyar Mai Gilashi

Mai Gilashi mutum ne mai lafiyar hannu. Shekara talatin yana yanka gilashin taga da madubi a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, teburinsa shimfiɗe da tsohon bargo, kuma ba a taɓa jin ya ɓata wa wani awo ba. Zai ɗora ma'auni, ya ja abin yankan ƙiii, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, sai gilashi ya rabu biyu. Ba ya cin amana, ba ya tsawwala wa mai saye. Aibinsa ɗaya ne, kuma babu amfanin a ɓoye shi: yana da mijin ƙanwa mai kemis a ƙarshen layinsu, kuma ba ya ƙaunar mutumin nan ya riga shi ko da shiga inuwa ne.

Babur ne ya hura wutar. Wani ƙaramin kamfani ya ƙera babura ɗari huɗu cif, baƙaƙe masu jan layi a tanki, ya buga wa kowanne lambarsa a wani ɗan farantin tagulla da ke wuyansa. Biyu kaɗai suka iso garin. Mai Gilashi ne ya fara ganinsu, shi ya fara saye, ya hau nasa har ƙofar kemis don ya yi kuri. Kafin mako ya zagayo mijin ƙanwar ya je ya ɗauko ɗayan. Da aka duba farantan, na Mai Gilashi lamba ɗari uku da goma sha biyu ne, na mai kemis kuwa lamba bakwai. Daga ranar duk layin suka koma kiransa Bakwai, har da matarsa.

“Ni fa na nuna masa shagon baburan!” in ji Mai Gilashi ga tasa matar. “Da ban kai masa nawa ba, ina ya san babur? Mutumin da sai ƙirga ƙwayar magani ya iya.”

Ta ce, “To Malam, lambar ce ke tafiya ko tayar?”



Shekara biyu suna hawa tare, sai labari ya zo cewa kamfanin ya rufe. Babu kayan gyara, kuma ba za a ƙara yi ba. Bakaniken da ke duba musu baburan, wani dogo mai gemu da ba ya iya lanƙwasa magana, ya tara su ya faɗa musu gaskiya. Ya ce taya da fulogi da sarƙa ana iya samun na wani babur a daidaita, amma duk abin da ke cikin inji da giya, in ya karye, sai dai a yi masa addu'a.

Bakwai ya yi dariya, ya ce, “To mu hau kafin ya karye.”

Shi kuwa Mai Gilashi wata dabara ce ta faɗo masa tun kafin su bar garejin, kuma ta yi masa daɗi har ya kasa ɓoye murmushi. Bari Bakwai ya yi ta hawa. Ƙarfe ne, dole ya gaji. Ranar da lamba bakwai ta kwanta dama, babur ɗaya ne zai rage a garin, sabo fil, kuma kowa zai san mai shi. Ya koma gida ya fitar da keken ɗinkin matarsa daga ɗakin ajiya, ya tura babur ciki, ya lulluɓe shi da tamfol, ya sa kwaɗo. Da ta yi ƙorafi ya ce mata ajiya maganin wata rana.

Wata ranar ce ta ƙi zuwa. Kowace safiya, yana share ƙofar shago, Bakwai zai wuce da rugugin nan mai kauri da babu babur mai irinsa, ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu. “Yaya, an tashi lafiya?” Mai Gilashi zai ɗaga tsintsiya, ransa yana tafasa. Ranar hutu sai ya gan shi ya ɗauki ƙanwar a baya, gyalenta yana kaɗawa, sun tafi duba 'yarsu da ke wani gari, su dawo da ƙura a gira suna ba da labarin hanya. Shi kuma motar haya yake shiga, rungume da gilashin mutane, yana roƙon fasinjoji su yi hattara da gwiwar hannu.

Babur ɗin Bakwai ya sha wuya, ba a musu. Sirdi ya yage an ɗinke, fitila ta koma ta wani babur daban, jan layin tanki ya koɗe. Da madubinsa ya fashe, wurin surukinsa ya kawo. Mai Gilashi ya so ya yanka masa shi a karkace, wallahi ya so, amma hannunsa ya ƙi. Ya yanka shi daidai, ya goge bakin, ya saka da kansa, sannan ya wuni yana jin haushin kansa. Abin da ke sanyaya masa rai kawai shi ne ya buɗe ɗakin ajiya, ya yaye tamfol, ya goge tanki da tsumma mai laushi har ya ga fuskarsa a ciki. Bai taɓa tayar da shi ba, don a ganinsa kowane juyin inji ragi ne a kwanansa.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Sai wata safiya ya share ƙofar shago har sau biyu bai ji rugugi ba. Da hantsi ƙanwarsa ta shigo, ta zauna a kan benci.

“Yaya, babur ɗin nan ya tsaya. Haƙoran giya sun kakkarye. Bakanike ya ce babu su ko'ina. Jiya mutumin ko abinci bai ci ba.”

“Ayya,” in ji shi. “Allah ya kyauta.”

Farin ciki ne ya cika shi, farin ciki tsantsa, har ya ji kunyar ta kalli idonsa. Tana fita ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa rigarsa ta fita, ya fito da babur tsakar gida, ya sa aka ba tayoyin iska, ya zuba mai. Niyyarsa ya wuce ta ƙofar kemis a hankali, ya danna oda sau biyu.

Ya taka kik. Kik ya ƙi sauka. Ya sake takawa da dukan nauyinsa, kamar ya taka dutse.

Bakanike ya zo da kayan aikinsa, ya kwance, ya leƙa. Sannan ya miƙe yana goge hannu.

“Malam, wa ya ce maka ana ajiye inji kamar gilashi? Tsohon mai ya daskare, raɓa ta shiga, tsatsa ta haɗe fistan da gidansa. Ka kashe shi da tattali. Giyar ce kawai lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Shi kuma wancan injinsa garau, giya ce babu. Baburanku biyu babur ɗaya ne, sai ku san na wa.”

Mai Gilashi ya shirya faɗa. Ya san Bakwai zai zo roƙon giya, ya kuma tanadi amsar da zai ba shi, mai zafi. Washegari kuwa sai ga shi ya shigo tsakar gida, yana tura amalanke da kansa, inji a kai lulluɓe da buhu.

“Yaya, ga shi. A saka a naka.”

“Me kake nufi?”

“Ni na hau na ƙoshi. Babu hanyar da ban bi ba, ni da ƙanwarka. Kai ne ba ka hau ba.”

Babu gori a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Da ma zagi ne, da an rama. Mai Gilashi ya tsaya yana kallon injin, baƙi ƙirin da mai, duk jikinsa tabon tafiya, sai ya ji wani kishi da ya fi na da nauyi. Inji ana kwance shi a ba mutum. Shekarun nan goma sha ɗaya fa, a wace amalanke za a kawo masa su?

Kwana uku bakanike ya yi yana haɗawa. Ranar da ya gama, maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Mai Gilashi ya hau, ya riƙe ƙaho, ya taka kik. Inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, kik ya dawo ya bugi ƙafarsa, gwiwarsa ta amsa har cikin kai. Ƙafar da ta yi shekaru tana tsaye a gaban tebur ba ita ce ta da ba. A karo na biyar gumi ya jiƙa rigar fitar, mutane sun fara kau da kai don kada su ba shi kunya.

Bakwai ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa. “Yaya, ɗan matsa. Akwai yadda yake so.”

Taku ɗaya ya yi, rugugi ya cika layin. Yara suka yi shewa.

“To bismilla,” in ji Bakwai, yana shirin sauka.

Mai Gilashi ya kalli titi, motoci sai gilmawa suke. Ya manta ma ta ina ake fara sa giya.

“Zauna,” ya ce. “Ja mu je.”

Ya ɗaga ƙafar mai ciwo da ƙyar, ya hau bayan babur ɗinsa, ya kama rigar mijin ƙanwarsa da hannu biyu.